Takabar Miji Yana Raye

Shekara goma sha bakwai Jharna Mondal ta yi tana fitowa a fim, amma ko maƙwabtanta na layin ma'aikatan masaƙar rama ta Baj-Baj ba su taɓa nuna ta a majigi sun ce ga ta nan ba. Sana'arta cika taro ce. In ana biki a fim tana cikin masu guɗa, in ana makoki tana cikin masu kuka, in jarumi ya biyo budurwa da waƙa cikin kasuwa, ita ce matar can da ta juya baya tana taya kabewa. Ita da bakinta takan ce ƙeyarta ta fi fuskarta suna a Kalkata. Ba ta taɓa furta kalma ɗaya a gaban kyamara ba, kuma ba ta taɓa sa rai ba.

Duk ranar da aka kira ta, jirgin ƙasan safe take bi zuwa Taliganj, unguwar masu fim. Da rana a raba wa 'yan taro burodi da ayaba da dafaffen ƙwai ɗai-ɗai. Ta ci burodin da ayabar, ƙwan kuwa ta ƙulle shi a bakin sarinta, wato zanenta, ta kai wa mijinta.

Mijin nata, Nitai, shekara ashirin da biyu ya yi a gaban injin sharce rama, ya shaƙi ƙurarta har ta zauna masa a ƙirji. Sai wata safiya, shekara huɗu kafin wannan labari, ma'aikata suka zo suka tarar da kwaɗo a ƙofar masaƙa da takarda a manne. Shugabannin jam'iyyu uku suka zo da lasifika bi da bi, kowanne ya rantse ba zai runtsa ba sai an buɗe. Da alama dai duk sun samu barcinsu. Nitai kuwa, mutum ne mai taurin kai da yawan barkwanci, bai fasa zuwa bakin ƙofar kowace safiya ba. Sai ya zauna ƙarƙashin jar tutar ƙungiya da rana ta cinye launinta, yana tari yana ba 'yan'uwansa dariya. Ɗakinsu ɗaya ne a layin, mallakar masaƙa, kuma su uku ne a ciki tun da 'yarsu Minu ta yi aure: shi, da Jharna, da yayarsa Nanibala wadda mijinta ya daɗe da mutuwa, duk layin na kiranta Didi.

In ka ga matan nan biyu zaune a ƙofa ba sai ka tambayi wacce ce mai miji ba. Jharna na da jan garin sindur shimfiɗe a tsagar gashinta, da fararen awarwaro na katantanwar teku a hannu biyu. Didi na cikin farin sari marar ko zare ɗaya mai launi, hannu fayau, kai fayau, rabonta da cin kifi tun ranar da aka ƙone gawar mijinta. Tun da Nitai ya zuba wa Jharna jan garin nan da hannunsa ranar aurensu, ba ta taɓa wayar gari ta kasa sabunta shi ba. Kowace mace a wajenmu ta san ran mijinta a wannan jan layin yake rataye, kuma ba a goge shi sai ranar da ya mutu. Masu ilimi suna cewa camfi ne. Ni dai har yau ban ga matar mai ilimin da ta goge nata don ta gwada ba.

A waɗannan shekarun da masaƙu ke rufewa ɗaya bayan ɗaya a gaɓar kogin Hugli, wani matashin darakta mai suna Prabal, ɗan gidan lauyoyi, mai gemu da jakar rataye, ya zo zai yi fim na soyayya. Labarin wani saurayi ne ɗan ƙungiyar ƙwadago, ɗan masu ƙaramin asali, da ya kamu da son 'yar jami'in da ke ɗaukar ma'aikata da korarsu, yarinya 'yar manyan dangi mai karatun jami'a. Uban ya ce sai dai bayan ransa. Ana cikin haka aka rufe masaƙa, aka yi harbi a bakin ƙofa, aminin saurayin ya faɗi matacce. Mai kuɗin fim waƙa biyar yake so, biyu a cikin ruwan sama. Prabal kuwa so yake mutane su fito silima suna dunƙule hannu. Suka daidaita a kan waƙa huɗu da gawa ɗaya.

Aka gina ƙofar masaƙa ta katako da kwali, aka tara 'yan taro, aka kawo wata 'yar wasa ta fito a matar mamacin. Yadda Prabal ya rubuta, za ta rugo da gudu ta buga hannuwanta a ƙarfen ƙofa awarwaro su tarwatse, ta goge jan garinta da tafin hannu, ta ɗaga hannun sama ta yi kirarin juyin juya hali, budurwar jarumi ta gani ta bar gidan ubanta. Aka gwada sau biyu. Jharna na tsaye a sahu na uku, ta karkata wajen matar da ke kusa da ita ta ce, a zatonta a hankali, "Wannan ko kazarta ba ta taɓa mutuwa ba."

Daidai lokacin wurin ya yi tsit, kamar yadda yakan yi in baki zai yanka wuya. Prabal ya juyo.

"Wa ya yi magana? Inna, ke ce? Matso nan."

Ta matso, ta riga ta sallama aikin yau da na gobe.

"Yallaɓai, suɓutar baki ce."

"To ƙarasa suɓutar. Me muka yi ba daidai ba?"

Ta dubi ƙasa, ta ga dai wanda ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. "Mace ba ta fasa nata da kanta, yallaɓai. Wa zai iya? Riƙe ta ake yi. Matan da nasu mazan suka riga suka tafi, su ke kai ta bakin ruwa, su ɗora hannunta a kan dutse su fasa, su wanke mata kai. Ita ko tsayuwa ba ta iyawa, balle kirari."

"To me take cewa? Ai dole ta ce wani abu."

"Wadda na gani dai, da aka gama sai ta ɗago ta dubi mutane ta ce, 'Ɗakin fa? Za su bar ni a ɗakin?' Domin ɗakin layi na mai aiki ne, yallaɓai. In ya mutu, wata ɗaya ake ba ki ki kwashe tukwanenki."

Ba ta gaya masa wadda ta gani ɗin Didi ce ba. Jharna na amarya da wata uku belin inji ya kama mijin Didi, kuma tana tsaye a matakalar kududdufi aka yi komai a gabanta.

Prabal ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Abin da na yaba wa yaron nan, bai yi girman kai ba, ya yarda mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ya yage shafin da ya rubuta a gaban kowa.

"Inna, ke za ki yi shi. Jibi, a bakin kududdufi na gaske. Zan kawo kyamara dab da ke, a ga ruwa yana wanke jan nan har tsagar ta yi fari fat."

Jharna ta sha fitowa a cikin matan mamata a taro. Amma can mai kwalliya ne ke rufe jan da baƙin tozali, ta ja mayafi, abinta na nan a ƙasa. Wannan kuwa gogewa ce ta gaske, da ruwa, alhali mijinta na gida yana tari. Duk da haka, da za ta faɗi gaskiya, zuciyarta ta so abin nan, so mai tsanani, kuma son ya ba ta kunya.

Da yamma suna cin shinkafa da miyar wake ta kwance musu zancen. Didi ta ajiye lomarta.

"Ba a gidan nan ba. Ƙanena na numfashi ki je a wanke miki kai? Kin haukace ne, ko yunwa ce ta hau miki ka?"

Nitai kuwa idonsa ne ya yi haske. "Tsaya, Didi. Uwar Minu, yanzu ke magana za ki yi a fim? Da baki? Ba ƙeya ba?"

"Da baki."

"Me za ki ce?"

Ta saci kallon Didi, sannan ta faɗa. Didi ta daskare a zaune.

"Shi ke nan?" in ji Nitai. "Ba ko 'ƙungiya ta daɗe'? Ba ko 'a buɗe ƙofa'? Matar ɗan ƙungiya guda!"

"Kai da ka shekara huɗu kana faɗa a bakin ƙofa, kwaɗon ya ji ka?"

Ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta bubbuga masa baya ta ba shi ruwa. Da ya lafa, ya yi magana ba wasa, abin da ba kasafai yake yi ba.

"An yi fim a kanmu ya fi a ƙirga. Kullum mu ne can bayan jarumi muna ɗaga hannu, shi yana kallon budurwa. Shugabanninmu ma, in sun hau mumbari zancen duniya suke yi, ba wanda ya taɓa faɗin zancen ɗaki. Je ki faɗa musu."

"In wani abu ya same ka fa?"

"Ƙurar shekara ashirin da biyu ba ta kashe ni ba, sai ruwan moɗa ɗaya?"

Didi ta miƙe da kwanonta. "Kai wasa ka ɗauke shi, don ba kanka za a wanke ba," ta ce, ta fita bakin famfo.

Ranar ɗauka, da sassafe, aka zaunar da Jharna a gaban Baffa Mokbul, tsohon mai kwalliya, Musulmi mai gemu ja da lalle, wanda ya shekara talatin yana gyara fuskokin manya da na 'yan taro da hannu iri ɗaya. Ya shafa mata sabulu ya zare awarwaronta na gaske, ya naɗe su a ƙyalle ya ba ta ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin sari don kada su rabu da jikinta, ya sa mata na wasa. Wannan dabara kowa ya san ta. Jan garin ne ba shi da dabara. Ya karɓi ɗan gwangwanin sindur ɗinta ya ƙara mata a tsaga yadda kyamara za ta gani sosai, sannan ya koma bayanta yana ta taje gashi, yana shafa mai, ya ƙi gamawa.

"Baffa, yau kitso za ka yi mini ne?"

"Yi shiru, uwata, kar ki motsa kai."

Tsofaffi biyu daga cikin 'yan taro, waɗanda su da gaske mazansu sun mutu, su suka riƙe ta zuwa matakalar kududdufin. Ba sai da aka koya musu komai ba. Sau uku aka ɗauka. A na farko muryarta ta maƙale. A na biyu wani kare ya ratsa. A na uku, da ta ji ƙarar awarwaro a kan dutse, ta ji ruwan sanyi ya sauka a kanta, ta ga jan yana bin ruwa yana gangarowa ta kan hancinta, sai ta manta da kyamara da darakta da kowa. Tarin Nitai kawai take ji a kunnenta. Aka naɗa mata farin sari aka ja mata shi a ka. Ta ɗago ta dubi mutane ta yi tambayarta, a hankali, kamar mai tambayar hanya.

Prabal ya manta bai ce a tsaya ba sai da mai kyamara ya taɓa shi. Jarumar fim ɗin, wadda aka tanadar wa maganin sa hawaye, ba ta buƙace shi ba.

Jharna ba ta tsaya jin yabo ba. Ta tuɓe farin sarin kamar yana ƙona ta. Mai kula da tufafi ta ɗaga shi tana faɗa, wai ga jan tabo a cikin mayafin ta baya, wa zai wanke mata? Baffa Mokbul ya ce hannunsa ne, tsufa ya zo. Jharna ta mayar da awarwaronta, ta cika tsagarta da ja har ya yi yawa, ta ruga tashar jirgi ko ƙwanta ba ta karɓa ba. Ta tarar da Nitai a ƙofa yana gyaran laima, lafiyarsa lau.

Kwana tara aka yi. A rana ta tara yana zaune a bakin ƙofar masaƙa tari ya turnuƙe shi, jini ya biyo baya, ya kife. Abokansa suka ɗora shi a keken kaya zuwa tasha, daga nan sai wani babban asibiti a Kalkata.

Didi ba ta yi ihu ba, da ma ta yi ya fi sauƙi. Tana haɗa masa kaya a jaka ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin faɗi maganarki. To ga shi nan." A bakin famfo matan layi suka riƙa janye tulunansu in Jharna ta zo, masu miji a cikinsu suna taɓa tsagar kansu. Ba ta yi musu da kowa ba, domin ita ma ta yarda da hukuncin. Likita ya tsaya ya yi mata bayani cewa ciwon tsoho ne, huhun ya daɗe da lalacewa, ko yau ko gobe da ma sai ya fashe. Ta gyaɗa kai ba tare da ta ji ba. Ita dai abin da ta sani, ta sayar da ran mijinta don ta yi magana a fim. Ta zauna a barandar asibitin cikin sauran masu jinya, ba ta ci ba ta sha, in an buɗe ƙofar ɗakin gabanta ya faɗi.

A safiya ta biyar sai ga Baffa Mokbul yana hawan matakala da ƙyar, riƙe da ɗanyar kwakwa biyu. Ya zauna a ƙasa kusa da ita yana haki.

"Baffa, ni na kashe shi."

"Ya mutu ne?"

"A'a."

"To kar ki riga malam masallaci. Buɗe kunnenki ki ji. Wanda ya koya mini aikin nan ɗan addininku ne, ya rasu tuni. Ranar da ya fara ba ni mataji ya ce, 'Mokbul, matar aure ba ta tsayawa gaban kyamara kai fayau. In darakta ya ce a goge, a goge na gaba, fim nasa ne. Amma kafin nan ka buɗe gashin can tsakar ka ta baya, inda ido ba ya kaiwa, ka ɗiga mata nata, ka danne da mai don kada ruwa ya ci, ka rufe.' Shekara talatin ban taɓa tsallake mace ɗaya ba. Ke a zatonki kitso nake yi miki?"

Jharna ta zuba masa ido.

"Daga gwangwaninki na ɗiba. Sau uku aka zuba miki ruwa, sau uku na duba, yana nan. Ba ki ji mai tufafi na zagina a kan jan tabo ba? Ta ina ja zai shiga mayafi ta baya, in ba daga kanki ba? Ko daƙiƙa ɗaya ba ki yi ba shi ba, uwata."

Ta kai hannu tsakar kanta, kamar har yanzu za ta same shi a wurin. "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya miki kafin a ɗauka, da fuskarki ta gaya wa kyamara. Na ce bari a gama. Aka gama kika ruga kamar an biyo ki. Na ce gobe, gobe ba a kira ki ba. Sai jiya na ji labarin maigidan. Wannan laifina ne, ki yafe mini."

"Kai ka yarda da abin nan ne, Baffa?"

"Ni? Ni a wurina rai a hannun Allah yake, ba a cikin gwangwani ba. Amma kan naki ne, mijin naki ne. Ni mai kwalliya ne kawai."

Nan Jharna ta fashe da kukan da ta kwana biyar tana riƙewa. Ta sunkuya za ta taɓa ƙafafunsa, tsohon ya ja da baya da sauri har ya kusa take kwakwarsa, yana cewa kar ta ɗora masa zunubi. Ya sa aka fasa ɗaya, ya tsaya a kanta sai da ta shanye ruwan tas, ya ce ɗayar ta mai tari ce in ya farka.

Da Didi ta zo da rana Jharna ta gaya mata. Tsohuwar ta ɗago ta dube ta.

"Musulmi ne fa kika ce?"

"Musulmi ne."

Didi ta tashi ta tafi. Amma da rani ya zo ta yi tsamin mangwaro da man ƙwayar mustad cike da kwalba, irin wanda ko Minu sai ta roƙa take samu, ta ce a kai wa mai jan gemun nan.

Mako shida Nitai ya yi a asibiti, ya fito ƙashi da rai, amma da ƙafarsa. Likitoci suka ce allura ce. Didi ta ce ɗigon nan ne na tsakar ka. Shi kuwa ya ce ya dai ƙi mutuwa ne kafin mai masaƙa. Jharna ba ta shiga gardamar ba, ta gode wa kowa, har da waɗanda ba su yi komai ba.

Fim ya fito bayan bikin kaka. Mai kuɗi ya sa an datse jawabai biyu na jarumi don waƙar ruwan sama ta samu wuri, wasu 'yan jam'iyya kuma suka yi ƙorafi wai an nuna matar ma'aikaci ba ta da wayewar gwagwarmaya, ɗaki kawai ta sani. Prabal ya sha suka ta gaba da ta baya, amma ya tsaya kai da fata ba a taɓa wurin kududdufin ba. Ranar da fim ɗin ya iso silimar Baj-Baj, kusan duk layin suka tafi kallon rana, har da matan da suka janye tuluna. Didi, wadda rabonta da silima tun tana da launi a jikinta, ta ja farin mayafinta ta bi su. Nitai ya zauna a tsakiyarsu da kwalbar maganinsa a aljihu.

Samari suka yi ta fito a wajen waƙoƙi, aka yi tsaki da uban yarinya ya fito, aka yi salati da sallallami iri-iri da aka yi harbi. Sai ga fuskar Jharna ta cika majigi, daga wannan bango zuwa wancan, ruwa na wanke mata kai. Silimar ta yi tsit. Da ta yi tambayarta, wata mata can baya ta ce da ƙarfi, "Haka ne, wallahi haka ne!" Ta ko'ina sai jan majina kake ji. A majigi jarumar ta juya ta dubi motar ubanta, sannan ta tako ta zauna a matakala kusa da matar, ba waƙa ba jawabi.

Jharna ta ji an damƙe hannunta. Didi ce, idonta a kan majigi.

"Ba daidai kika yi ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni sau biyu na tambaya. Ba wanda ya amsa."

"Yi haƙuri, Didi."

"Bar shi. Yau dai an ji."

Ba ta saki hannun ba har aka kunna fitilu.

A waje rana na nan da sauranta. Mata suka kewaye Jharna, wannan ta taɓa ta, waccan ta ce da ma ita ta san za a yi haka. Nitai ne kaɗai bai ce komai ba, kuma shirun Nitai abin tsoro ne. Ya yi gaba a hankali yana dogara laima, ta bi shi gabanta na faɗuwa, ko jikin ne, ko kuwa ganin abin ne ya yi masa nauyi. Ba kowane namiji ne ake nuna masa matarsa tana takabarsa yana zaune yana kallo ba. Wajen mai shayi ya tsaya, ya juyo ya daɗe yana kallon jan layin da ke kanta. Idanunsa sun yi ja.

"Uwar Minu."

"Na'am. Ƙirjin ne?"

"Farin kaya bai karɓe ki ba ko kaɗan. Kin yi muni ƙwarai." Ya share ido da bayan hannu. "Ba yadda zan yi, dole in zauna a duniya."

Ya kuwa zauna. Masaƙa ba ta sake buɗewa ba, Jharna ta koma sahu na uku tana taya kabewa, ba a sake ba ta magana a fim ba, kuma ba ta nema ba. Amma Nitai ya zauna shekara goma sha huɗu cur yana tari yana tsokanarta, ita kuwa ko rana ɗaya a cikinsu ba ta ɗauke ta a matsayin haƙƙinta ba, duk kyauta ta ɗauke su.